Allo, kati ko zagayen gida: wace dabara ce za ta riƙe maka abin da ka karanta?

A hutun da ya wuce, wata Lahadi bayan la'asar, Yayata ta shigo gidanmu nan Aboabo a Kumasi riƙe da hannun 'yarta kamar wadda ta kamo ɓarauniya, ko zama ba ta yi ba ta ce wai in taimaka in nemo wa yarinyar nan maganin mantuwa, ko rubutu ne ko zabibi ko lubban, duk dai abin da na ji ana cewa yana buɗe kai, don saura 'yan watanni su zauna WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, kuma kullum sai ƙarfe biyun dare take kwanciya tana karatu amma da an yi gwaji a aji sai ta kawo maki kamar wadda ba ta taɓa buɗe littafi ba. Na ce Yaya ki zauna tukuna ki sha ruwa. Na karɓi littafin Soshiyal ɗin yarinyar, kai jama'a, ko'ina an shafe shi da alƙalami mai kala, rawaya da kore, a shafi guda ba ka samun layi uku da ba a ja ba.

Na ce 'yata, yankuna shida da aka ƙara wa Ghana a 2019 har suka zama 16, lissafo min su da hedikwatarsu. Ta ce haba Kawu, ai jiya-jiyan nan na karanta su. Na ce toh bismillah. Ta kawo Oti, ta kawo Savannah, sai ta tsaya tana kallon silin tana murza yatsu. Da na buɗe shafin na nuna mata sai ta daka tsalle, wai yauwa ai su ne, wallahi na san su! Kuma ba ƙarya ta yi ba, idonta ya san su. Matsalar ranar jarrabawa babu mai buɗe mata shafin.

Ni dai ba ticha ba ne, kayan waya nake sayarwa a kasuwar Kejetia, Asabar da Lahadi kuma ina taya Malam karɓar hadda a makarantar unguwa, amma harkar riƙe abu a ka ta daɗe tana damuna har na yi ta karance-karance a kanta ina gwadawa a kaina da kan yaranmu. Shi ya sa nake so in jera dabarun nan gefe da gefe, don kullum sai ka ga wani ya zo yana tallar guda ɗaya kamar ita ce maganin komai.

Da farko dai mantuwa ba ciwo ba ce. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya zauna ya yi ta haddace guntayen kalmomi marasa ma'ana yana auna kansa, ya fitar da sakamakon a 1885. Abin da ya gani shi ne zubewar farko ita ce mai ƙarfi: bayan awa ɗaya sama da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, bayan wata ɗaya abin da ya rage bai fi ɗaya cikin biyar ba sosai. Abu mai ma'ana ya fi haka daɗewa a kai, amma fasalin ɗaya ne, kamar bokitin da ya huje a ƙasa, lokacin da yake cike ruwan ya fi tsiyaya. Ya kuma ga cewa in ka raba maimaicin a kan kwanaki ya fi ka tara shi a zama ɗaya. Kenan duk dabarar da za a kawo maka, tambaye ta abu biyu, yaya take sa abu ya shiga, kuma yaya take hana shi zubewa. Da yawansu na farkon kawai suka iya.

Bari in fara da wadda kowa ke yi, wato ka karanta ka sake karantawa kana jan layi. Daɗinta ba ta da wahala kuma tana kwantar da hankali, a karo na huɗu komai ya zama ɗan gida sai ka ji ai ka iya. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, suka raba ɗalibai suka ba su rubutu, wasu suka karanta a zama huɗu, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai sannan aka ɗauke takardar aka ce su rubuto abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 cikin ɗari, su kuma 71. Amma bayan sati ɗaya sai reshe ya juye da mujiya, masu maimaita karatu suka faɗo 40, waɗanda aka yi ta tatsa suna kan 61. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma, biyu ne kacal suka ba matsayin sama, gwada kai da kuma rarraba karatu a kan lokaci, shi kuwa jan layi da sake karantawa suna can ƙasa. Toh kun ga inda yaranmu ke faɗawa rami, abin da ke aiki yau da dare shi ke yaudararsu, har suna da kirarin da suke masa da turanci, ma'anarsa ka tauna, ka zuba, ka ci jarrabawa, ka manta. In gobe da safe ne gwajin kuma ba ka taɓa littafi ba, eh, tauna ka zuba zai iya fitar da kai kunya. Amma WASSCE karatun shekara uku ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya ba ni dariya da na karanta binciken nan shi ne mu da muka tashi a makarantar allo a zango mun yi shekara da shekaru muna yin wannan abin. Duba yadda yake tafiya. Ka rubuta karatunka a allo da tawada, hannu ya shiga ciki. Malam ya biya maka, kunne ya shiga. Ka koma gefe kana ɗaga murya kana rangaji har wurin ya ɗauki ƙara kamar tashar trotro, wato motocin haya. Amma duk wannan ba ya ba ka izinin wankewa, sai ka durƙusa gaban Malam ka juya masa allon ka kawo da ka, in ka yi tuntuɓe sau biyu ya ce koma, kuma babu zancen Allah gafarta Malam ai na san shi, ko dai ya fito daga bakinka ko bai fito ba. Bayan ka wanke an yi maka ƙari ma ba a barinka, akwai tishin na baya, na jiya da shekaranjiya kullum, na nesa kuma a makarantarmu ranar Laraba ake bi ta kansa, ranar da kowa cikinsa ke ɗurar ruwa. Masu haddar Alƙur'ani sun fi kowa sanin haka, ga hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim da ya ce a riƙa bibiyarsa don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Izu 60 ne, mai karanta izu biyu a rana duk wata yana zagayowa, kuma alaramman da ka ga ba ya gargada, bincika za ka samu bai taɓa barin wannan zagayen ba ko a ranar sallah.

Akwai ma wani sirri da malamai ke faɗa, kar ka riƙa canja mus'hafi. Bugun Madina shafi 604 ne, layi 15 a yawancin shafuka, in ka lizimci guda ɗaya sai idonka ya riƙe cewa ayar nan tana sama a hannun dama, waccan tana ƙasa a hagu. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Inda hanyar allo ta fi kowa shi ne abin da ake so kalma da kalma, Alƙur'ani, hadisi, addu'a, baitoci, jadawalin sau, ƙa'idar lissafi. Inda take da rauni kuma, tana cin lokaci sosai, sannan kamar carbi take, in ƙwaya ɗaya ta ɓace a tsakiya sai ka koma farko ka taho. Mafi muni, in ka ɗauke ta yadda take ka kai ta kan Sayans za ka ga yaro ya haddace ma'anar yadda ganye ke haɗa abincinsa da hasken rana tsaf, amma da an juya tambayar an ce me zai faru da shukar da aka rufe a ɗaki mai duhu sai ya yi tsuru-tsuru. Irin wannan karatun abin da na gani yana masa aiki shi ne ka rufe littafi ka bayyana wa ƙaninka da Hausa, ba da turancin littafin ba, duk inda ka ji bakinka ya koma turanci da sauri toh nan ne ba ka gane ba, haddacewa kawai ka yi. Na sa 'yar Yayata ta yi wa ƙaninta ɗan shekara tara bayanin yadda jini ke zagaya jiki, yaron ya ce Yaya to me ya sa yake komawa huhu? Ta yi shiru. Wannan shirun ya fi mata awa biyu na jan layi amfani.

Sai kati. Wannan tishi ne aka yi masa tsari yadda ba sai da Malam a kanka ba. Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, shi ya yaɗa tsarin a 1972. Ka yanka takarda ƙanana, gaba tambaya baya amsa, ka samu akwati mai gida-gida. Duk kati daga gidan farko yake farawa, in ka amsa daidai ya matsa gaba, in ka kuskure ya dawo farko ko daga ina yake. Gidan farko kullum ake dubawa, na gaba jefi-jefi. Hikimar ita ce abin da ka iya ba ya cinye maka lokaci, wanda ke ba ka wuya shi kake ta karo da shi. A nan ya fi tishin allo wayo, don a allo kana bin komai a jere har da wanda ka iya kamar sunanka, kuma kati ana cakuɗa shi, ba za ka dogara da na gabansa ya janyo maka shi ba.

A waya akwai manhajar kati mai suna Anki, wanda Damien Elmes ya fitar a 2006, sunan ma da Japananci haddacewa yake nufi, kuma lissafin tazararsa ya samo asali daga wanda Piotr Wozniak na Poland ya tsara a 1987. Shi yake ƙirga maka ranar da kowane kati zai dawo. A Android da kwamfuta kyauta ne, a iPhone sai ka biya kusan dala 25, kuma in ka sauke shi ba sai da data yake aiki ba. Na yi wata takwas ina amfani da shi kan kalmomin Larabci, gaskiya yana aiki, minti goma sha biyar a trotro daga Aboabo zuwa kasuwa ya ishe ni. Amma shi ma yana da halinsa. Da azumi ya zo na yi sati biyu ban buɗe ba, da na dawo na tarar da kati sama da ɗari huɗu suna jirana kamar masu bin bashi, wallahi rufe wayar na yi. Sannan waya waya ce, ka shiga don kati ka tsinci kanka a TikTok. Ga kuma ɗaliban makarantar kwana ba a yarda su riƙe waya ba, kenan ga 'yar Yayata zancen Anki bai ma taso ba, gwangwanin Milo uku muka wanke muka rubuta musu 1, 2, 3, na farko kullum, na biyu Talata da Juma'a, na uku Lahadi. Kuskuren da ta fara yi shi ne ta cika kati ɗaya da rabin shafi. Na ce a'a, kati ɗaya tambaya ɗaya, yaushe aka kifar da gwamnatin Nkrumah, baya ki sa 24 ga Fabrairu 1966, shikenan. Kuma wanda ka rubuta da hannunka ya fi wanda ka kwaso na wani a intanet, don yankawa da rubutawar ma rabin karatun ne.

Yanzu ga wadda ake ta yayatawa a YouTube, wadda ni nake kira zagayen gida. Tsohuwa ce ƙwarai. Cicero na Rum ya kawo labarin wani mawaƙin Girka, Simonides, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, wai yana wajen walima aka kira shi waje, yana fita rufin ya rufta kan mutane har ba a iya gane gawa, shi kuma ya riƙa tuna inda kowa ya zauna yana cewa nan wane ne, can wane ne. Daga nan aka ce ya gane cewa kai ya fi riƙe wuri fiye da magana. Kun tuna zancen mus'hafi ɗaya? Toh jijiya ɗaya ce. Yadda ake yi, ka ɗauki hanyar da ka sani kamar tafin hannunka, ka ajiye kowane abu a wani wuri cikin hoto mai ban dariya ko ban mamaki, in kana son tunawa sai ka sake bin hanyar a zuci.

Da yarinyar nan muka gwada da gidan kakarta. A bakin ƙofa 'yan dambe biyu sun tare hanya suna naushin juna, Dambai kenan. A wajen famfo ga damo ya miƙe yana shan mangwaro, Damongo. A igiyar shanya wata tana naɗe riguna, Nalerigu. A ƙofar banɗaki Kawu ya fito da soso rataye a wuya, Sefwi Wiawso, wannan ita ta ƙirƙiro don ta rama. A murhu tukunya cike da gwaza, Goaso. A ɗakin Hajiya kuma mage ta ci man shanu tana lashe baki, ta ci man, Techiman. Minti shida muka yi muna dariya, ta kawo su a jere, ta kawo su daga ƙarshe zuwa farko, Yaya ta riƙe baki tana salati. Bayan kwana uku na sake tambayarta duk suna nan. Sai na ce to Goaso hedikwatar wane yanki ce? Ta ce Bono East. Na ce a'a Ahafo ce, Techiman ce ta Bono East. Ashe mun ajiye garuruwan ba mu ɗaura musu yankunansu ba, sai da muka koma muka ƙara wa kowane hoto wani abu, Oti ga 'yan dambe, Savannah ga damo, North East ga riguna, Western North ga mai soso.

Wannan shi ne halinta. Abin da ka saka shi kaɗai za ta ba ka, ba ta san dalili ba, ba ta san alaƙa ba. Ƙarfinta kuwa ba a musu, tun da aka fara gasar ƙwaƙwalwa ta duniya a 1991 da ita zakaru ke aiki, Dominic O'Brien na Ingila sau takwas yana cinyewa. Da Eleanor Maguire ta duba kan irin waɗannan zakarun a Landan ta samu ƙwaƙwalwarsu irin ta kowa ce, tara cikin goma dai wannan dabarar suke amfani da ita. A 2017 Martin Dresler da abokansa suka koya wa mutane gama-gari ita, rabin awa kullum na kwana 40, daga tuna kalma 26 cikin 72 suka kai 62. Amma ku lura da abin da ake gasar a kai, jerin kalmomi, jerin lambobi, katin karta, abin da za ka riƙe yau gobe ka share. In kana da jawabin ɗaurin aure ko wa'azi mai gaɓa bakwai kuma ba ka son riƙe takarda, ko jerin abu da dole ya zo a tsare, babu kamarta. In kuma ka ce duk manhajar shekara uku za ka zuba a ciki, gidajen Aboabo da Asawase gaba ɗaya ba za su ishe ka ba, kuma in ka sake amfani da gida ɗaya da wuri sai damo ya haɗu da sabon baƙo a bakin famfo su rikice. Hotunan ma in ba ka zagaya su suna dusashewa, kenan ita ma tana buƙatar tishi. Ayar Alƙur'ani kuwa ni ban yarda a haɗa ta da hotunan barkwanci ba, hanyar allo ta wadatar.

Dunƙule haruffan farko kuma duk mun sani. Wanda ya yi tajwidi ba zai manta haruffan ƙalƙala ba saboda ƙuɗbu jad, na idgami kuma yarmaluna, a sukul ga BODMAS. Arha ce, minti ɗaya ka haɗa, kuma in ta zauna ta zauna har tsufa. Sharaɗinta jerin ya zama gajere kuma ka riga ka san abubuwan, ita tuni kawai take maka. Gwada ta kan shugabannin Ghana ka gani, Ankrah, Afrifa, Acheampong, Akuffo, ga Akufo-Addo har biyu uba da ɗa, kowa A, sai ka rasa wace A ce ta riga wata. Irin wannan gara ka mai da shi labari, wa ya kifar da wa, a wace shekara, me ya jawo. Waƙa ma a nan take, abin da aka rera da kari yana daɗewa, shi ya sa malaman zamanin da suka riƙa zuba fiƙihu da nahawu a baiti, sai dai ita ma irin carbin nan ce, sai ka rero daga farko kafin ka iso inda kake nema.

Lambobi nasu daban ne kuma ba ya buƙatar dogon zance. George Miller ya rubuta a 1956 cewa abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda bai wuce bakwai ba, ƙari ko ragin biyu, masu bincike na baya ma suka ce wajen huɗu ne. Shi ya sa lambar waya mai goma babu mai faɗinta a dunƙule, sai ka ji 024, sai uku, sai huɗu. Lambar Ghana Card ma haka, bayan GHA lamba tara ce sai ɗaya a ƙarshe, yanka ta uku-uku-uku ka riƙa faɗinta da ka duk lokacin da aka tambaye ka kafin ka zaro katin, cikin sati biyu ta zauna. Lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, kuwa huɗu ce kacal, dan Allah kar a rubuta ta a bayan waya ko a sa shekarar haihuwa, ka haɗa mata ɗan labarin da kai kaɗai ka sani.

Akwai kuma abin da ni a ganina kuskure ne ma ka ce za ka riƙe shi a ka. Hajiyarmu ta yi shekara talatin tana sayar da waache, ba ta taɓa rubuta bashi ba, ta san na kowa har kwabo, kuma in ka lura dabararta zagayen gida ce da tishi a haɗe, kowane mai bashi tana ganinsa a inda yake tsayawa, da dare kuma tana lissafa su ɗaya bayan ɗaya kafin ta kwanta. Na ce ni ma ɗanta ne zan iya. Sai da muka yi sa-in-sa da wani abokin ciniki kan sidi 350 na caja da ya ɗauka, ni na ce bai biya ba shi ya ce ya biya, kowa yana rantsuwa kuma na tabbata kowa gaskiyarsa yake faɗa, ƙarshe kuɗin ya tafi zumuncin ma ya yi rauni. Matsalar ƙwaƙwalwa ba mantuwa kaɗai ba ce, tana cike gurbi da abin da ta ga dama kuma ta ba ka shi da cikakken yaƙini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take. Don haka bashi, awon ɗinki ga tela musamman gab da sallah, adadin maganin da likita ya ce a sha, ranar komawa asibiti, duk wannan littafi da biro, ko ƙararrawar waya.

Barci ma a sa shi a lissafi. Tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna wanda ya yi barci bayan haddacewa ya fi wanda ya ci gaba da harkokinsa riƙewa. Wannan karatun ƙarfe biyun dare da Yaya ke alfahari da shi, shi na fara sokewa, na ce sha ɗaya ta kwanta, bayan asuba ta rufe littafi ta kawo na jiya.

To in ka ce in zaɓar maka, sai in tambaye ka me kake son riƙewa kuma har yaushe. Mai hadda ya zauna kan allonsa da mus'hafinsa ɗaya, ya samu wanda zai riƙa karɓar masa, kar wani ɗan YouTube ya ruɗe shi. Ɗalibin BECE (jarrabawar ƙaramar sakandare) ko WASSCE ko na jami'ar KNUST, kashin bayan karatunsa ya zama rufe littafi da amsa tambaya, pasko, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, yana amsawa da biro kafin ya leƙa amsa, kati ga shekaru da ma'anoni da ƙa'idoji, bayani da Hausa ga duk abin da ke da me ya sa a ciki, zagayen gida kuma ya ajiye shi ga jeri biyar ko shida da suka ƙi zama. Mai koyon sabon harshe da ke da waya kuma ya san zai iya buɗewa kullum ya ɗauki Anki, amma kar ya wuce sabon kati goma a rana, wanda ya san halinsa irin nawa ne ya nemi gwangwani. In kuma dole guda ɗaya tak zan bar wa mutum, juya allon nan ne ka kawo da ka, yau, da jibi, da sati mai zuwa, don sauran duk in ka cire musu wannan zubewa suke.

Ranar da za ta koma makaranta na leƙa akwatinta, ga gari ga shito ga gwangwanaye uku an ɗaure kowanne da roba, na uku ya fara nauyi. Na zaro kati ɗaya daga ciki ba tare da na duba ba na ce hedikwatar Ahafo, ta ce Kawu gwaza na kan murhu, Goaso. Ita kuwa Yaya ba ta fasa ba, sai da ta cusa mata ƙullin zabibi a gefen shiton.